Kwana 28 Zuwa Kwana 28: Rajistar Jinyar Zuciyar Ummi

Lahadi, 12 ga Janairu 2025

Wata nas a ɗakin yara na asibiti ce ta ce in nemi littafi in riƙa rubuta komai: ranar allura, sunan magani, nauyin yarinya, da duk abin da na ga ya sauya. Ta ce jinyar nan doguwa ce, kai ba ya riƙe ta. Ni kuwa malamar firamare ce a Tudun Wada, shekara 14 ina kiran rajista, don haka ban yi gardama ba. Abin da ke cikin littafin shi nake kwafowa nan duk ran da na samu caji da natsuwa, ko wata uwar ta amfana.

Ga yadda muka zo nan. Tsakiyar Disamba, da hunturu ya kankama, 'yata Ummi ta yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi. Shekararta 11. Ba tari, ba majina, haɗiya ce kawai ke mata wuya. Na ba ta farasitamol, na dafa mata citta da kanumfari na zuba zuma, kwana huɗu ta warware ta koma 'yar gala-galarta a tsakar gida. Wace uwa ce a Zariya ke ɗaukar yaro zuwa asibiti don maƙogwaro a cikin sanyi?

Bayan kamar mako uku sai gwiwar dama ta kumbura, ta yi zafi, ko zani ba ta so ya taɓa wurin. Kwana biyu gwiwar ta saki, ciwon ya koma idon sawun hagu, daga can ya haye gwiwar hannu. Inna, kakarta, ta ce sanyin ƙashi ne, aka yi ta shafa man zafi. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne haki. Daga ɗaki zuwa bakin rijiya sai ta tsaya ta dafa bango. Da dare ba ta iya kwanciya sai na jera mata matashi uku, ga ƙafa ta tasa har silifas ya matse ta.

Ran Alhamis muka je ƙaramin asibitin unguwa. Likitan ya daɗe da abin sauraron ƙirji a gefen hagunta, ya kira abokin aikinsa shi ma ya saurara, sannan ya rubuta mana takarda zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Washegari Juma'a aka ba mu gado. A ranar aka yi mata allurar fenisilin ta farko, bayan an tambaye ni har sau biyu ko ta taɓa yin ƙaiƙayi ko kumburin fuska bayan shan magani irinsa. Ranar nan, 10 ga Janairu, ita ce layin farko a rajistar.

Nauyinta ranar da muka kwanta: kilo 33.

Talata, 14 ga Janairu

Yau aka yi eko, wato hoton zuciya irin na sikanin masu ciki, sai dai a ƙirji ake goga abin. Kafin shi an yi hoton ƙirji, an manna mata wayoyi an auna tafiyar bugun zuciya, an kuma ɗebi jini don wani gwaji da suke kira ASO, mai nuna ko jiki ya yi faɗa da ƙwayar cutar maƙogwaro kwanan baya. Nata ya hau sosai.

Ina tsaye a bayan likitan ina kallon allon. Ja da shuɗi ne ke ta kai da kawo, ban fahimci komai ba sai da ya juya katinmu ya zana mini a baya. Zuciya ɗaki huɗu ce, biyu sama biyu ƙasa, da bawul huɗu masu barin jini ya wuce gaba su hana shi dawowa. Na hannun hagu, tsakanin ɗakin sama da na ƙasa, sunansa maitiral. Na Ummi ya kumbura, ba ya rufuwa ruf, duk bugu ɗaya sai wani jinin ya koma baya. Yoyo ke nan. Shi ne ƙarar da likitan unguwa ya ji, shi ya sa ruwa ke taruwa a huhu har take haki, ƙafa kuma take tasawa.

Na ce, "Likita, to ƙwayar cutar ce ta gangara daga wuya ta shiga zuciyar?"

Ya ce, "A'a, Malama. Ƙwayar ta tsaya a maƙogwaro. Garkuwar jikin Ummi ce ta tashi yaƙarta, sai ta kasa bambance ƙwayar da naman bawul ɗin da na gaɓoɓi, don suna ɗan kama da juna. Ta bugi baƙo, ta haɗa da ɗan gida."

Sunan ƙwayar sitireftokokus na rukunin A, sunan ciwon zazzaɓin rumatik. Ya fi kama yara 'yan shekara 5 zuwa 15, musamman inda ake kwana da yawa a ɗaki guda, mu kuwa yara huɗu ne a ɗaki ɗaya. Babu gwaji guda da ke tabbatar da shi. Alamomi ake haɗawa bisa wani ma'auni da wani likitan Amurka mai suna Jones ya tsara tun 1944, ana ta yi masa gyara har yau. Ummi ta zo da manyan alamomi biyu, ciwon gaɓoɓi mai yawo da kumburin zuciya, ga shaidar jini.

Sai na yi tambayar da na san za ta hana ni barci. Na ce da na kawo ta a Disamba fa? Bai ɓoye mini ba. Ya ce amoksisilin na kwana 10 cif, ko allurar fenisilin guda ɗaya, yawanci sun isa su hana abin faruwa. Ya ƙara da cewa ba ni kaɗai ba ce, wasu yaran ma ba a tuna sun yi ciwon wuyan. Na ji, na gode masa, amma barcin bai zo ba.

Gwaje-gwaje duka sun ci mana N52,000. Baban Ummi yana kashe wajen N2,000 kullum a mota, daga Tudun Wada zuwa Kwangila, ya canza ta Samaru zuwa Shika, ya dawo. Rumfarsa ta Sabon Gari yaronsa ke jira.

Juma'a, 17 ga Janairu

Gaɓoɓi sun saki tun kwana biyu da fara asfirin, kamar an zare ƙaya. Maganin fitsari yana aiki, kilo 31 da rabi. Matashi biyu yanzu. Nas ta koya mini ƙirga bugun jijiyar wuyan hannu idan Ummi ta yi barci, minti ɗaya cikakke da agogon waya. Daren jiya 104.

Talata, 21 ga Janairu

An sallame mu.

Kwana 11 a ɗakin nan sun nuna mini ciwon zuciyar yara ba iri ɗaya ba ne. Gadon da ke kusa da namu wata baiwar Allah ce daga wajen Giwa, jaririnta ɗan wata biyar. Idan yana shan nono sai gumi ya keto masa a goshi, ya saki ya huta, ya sake kamawa, ga shi ba ya ƙiba. Nasa huji ne a bangon da ya raba ɗakunan ƙasa biyu, da shi aka haife shi. An gaya mata ƙananan huji sukan toshe da kansu idan yaro na girma, manya kuma sai an yi aiki. Can ƙurya akwai wani yaro ɗan shekara huɗu, leɓɓansa sun yi duhu, kan yatsunsa sun yi kauri kamar sandar ganga, yana 'yar tafiya sai ya tsuguna. Uwarsa ta ce tun yana ƙarami take masa faɗa kan tsugunnon nan, ashe da shi yake samun sauƙin numfashi. Wajen jariri ɗaya cikin ɗari ake haifa da wata tawaya a zuciya. Su babu abin da uwa ta yi ko ta bari. Namu kuwa samuwa aka yi daga baya, kuma shi ne wanda ake iya tarewa.

Abin da muka taho da shi: Lasix don fitar da ruwa, enalafiril don rage wa zuciya nauyi, asfirin da za a riƙa ragewa a hankali, kullum bayan cin abinci. An ja mini kunne cewa asfirin ba maganin da ake ba yaro haka kawai ba ne, idan kuma ƙarambau ko mura mai zafi ta shigo gida tana kan shansa, in dakatar in kawo ta. Idan ta ce kunnenta na ƙara, shi ma in faɗa.

Babban aikin dai allura ce. Benzatin fenisilin, ma'auni miliyan 1.2, duk kwana 28. Ƙananan yara masu ƙarancin nauyi rabi ake musu, 600,000. Allurar ba ta gyara bawul ɗin da ya taɓu. Aikinta ta hana ƙwayar sake zama a maƙogwaro, don duk dawowar zazzaɓin ƙarin ɓarna ce a kan ta farko. Na tambayi har yaushe. Aka ce wanda bawul ɗinsa ya taɓu, aƙalla shekara 10, sau da yawa har ya kai shekara 40. Na yi lissafi a zuci: allura 13 a shekara. Yarinyar da ke gudun allurar rigakafi.

Kuɗin gado, magani da abinci: N87,000. 'Yan uwa da malaman makarantarmu sun haɗa N60,000. Allah ya saka musu da alheri.

Asabar, 25 ga Janairu

Kuskure biyu a mako guda, duka nawa.

Na farko, Lasix. An rubuta sau biyu a rana, ni kuma na ɗauka safe da dare ne kamar sauran magunguna. Dare biyu a jere Ummi tana jiƙa katifa, ta tashi tana kuka don kunya, ƙannenta na mata dariya. Na kira nas ɗin da ta ba ni lambarta, ta ce na biyun da la'asar ake bayarwa, don fitsarin ya gama sauka kafin kwanciya. Da na mayar da shi ƙarfe huɗu abin ya wuce.

Na biyu, gishiri. An ce a rage, na rage na hannu, amma ban taɓa kawo Maggi a lissafi ba, alhali uku nake jefawa a miya. Ran Alhamis ta sha taliyar yara da garin da ke cikin ledar duka, ta ɗora da kilishin da kawunta ya kawo mata na dubiya. Washegari idon sawu ya tasa. Yanzu tukunya ɗaya nake yi ba gishiri, in ɗebi nata, sannan in sa wa sauran. Daddawa, albasa, tafarnuwa da ɗan lemun tsami ne ke ceton miyar. Ta ce tuwonta ya zama na asibiti.

Baban Ummi ya sayo sikeli a kasuwar Sabon Gari, N14,000. Kullum da safe bayan ta yi fitsari, kafin karin kumallo, take hawa. An ce idan nauyi ya yi tsalle cikin kwana biyu ko uku, ruwa ne ba ƙiba ba. Yau 31.

Laraba, 29 ga Janairu

Lafiya lau. Nauyi 31, bugun barci 92, matashi ɗaya. Na koma aji, Inna ke zama da ita.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Ran Juma'a ƙaninta mai shekara bakwai ya tashi da zazzaɓi yana cewa wuya. Na haska masa maƙogwaro da fitilar waya: ja wur, da fari-fari a gefe, ga kaluluwa a ƙarƙashin haɓa mai zafi idan an taɓa. Ba tari, ba majina. Sak abin da likita ya siffanta mini.

Kafin in gama sa hijabi Inna ta riga ta aika a kira wanzami. Ta ce beli ne, ai da an cire wa Ummi nata yadda ya kamata da duk wannan bai faru ba. Na durƙusa na ce, "Inna, ki yi mini haƙuri, ki bar ni in kai shi asibiti tukuna. In maganinsu bai yi ba, sai ki yi yadda kika gani." Ta ce mu 'yan boko komai sai mun kai wa likita, ita 'ya'ya tara ta haifa duk aska ce ta yi musu. Ban mayar mata ba. Baban Ummi ne ya shigo ya ce, "Inna, ke ma kin ga yadda Ummi ta kwana a zaune. A bar wa Malama wannan." Wanzamin ya sha ruwa, aka ba shi na mota ya tafi.

Inna ba muguwa ba ce, jikokin nan ranta ne. Amma aska ba ta kashe ƙwayar cuta, ga zubar jini, ga ƙarfen da ba a san wuyan wa ya fito ba. Ga Ummi kuwa abin ya fi haka haɗari, don an gargaɗe ni cewa bawul mai rauni yana saurin kama ƙwayar da ta shiga jini ta baki. Ko haƙori za a cire mata sai likitan haƙorin ya san da ciwon.

An ba yaron amoksisilin na kwana 10. Yau kwana uku, har ya warke yana cewa ya gaji da sha. Na zana masa gida goma a bango da alli, kullum yana soke ɗaya. Magani da kati N4,800. Na kuma raba musu kofin sha, na mayar da Ummi ɗakina.

Talata, 11 ga Fabrairu

Allurar da ya kamata a yi ran Juma'a 7 ga wata sai yau aka yi ta. Kwana huɗu a makare, tun a zagaye na biyu. Bari in rubuta yadda aka yi dalla-dalla don kada in sake.

An yarda mu riƙa yin allurar a asibitin unguwa don rage zirga-zirga, mu ne za mu zo da maganin. Ni a zatona abu ne da ake shiga kemis a ɗauka kamar farasitamol, sai na bari sai safiyar Juma'ar. Kemis uku na shiga, babu. A na huɗu yaron shagon ya miƙo mini wata kwalba ya ce ai duk fenisilin ce. Na karanta jikinta, na ga forokin ne ba benzatin ba. Allah ya taimake ni na kira nas kafin in biya. Ta ce in ajiye masa abinsa: forokin kwana ɗaya yake yi a jiki ya fita, benzatin kuwa a hankali yake narkewa cikin tsoka har makonni, shi ya sa ake yinsa wata-wata. Yaron ya ƙara da cewa in na samo in kawo shi zai yi mata a shagon, N500 kawai. Wannan ma na gaya wa nas ɗin. Ta ce ko kyauta ne kada in yarda. Allura ce ta tsoka zalla, in ta kuskure ta shiga jijiya tana iya kisa, kuma dole a yi ta inda akwai adirenalin a kusa ko da jiki zai ƙi ta.

Ran Asabar Baban Ummi ya zaga Sabon Gari ya samo kwalba ɗaya, N2,500. Muka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, duk daidai. Mai yin allurar ba ta aiki sai Litinin. Ran Litinin aka dama garin, aka ja a sirinji, aka tsaya lallashin Ummi wadda ta riƙe ƙofa tana kuka. Kafin ta yarda ta kwanta maganin ya daskare a bakin allurar. Aka canza, ya sake toshewa, ko ɗigo bai shiga ba. Fari ne tas mai kauri kamar kunun gyaɗa, ba ya jira. Kwalba ɗaya muka saya, ta tafi a banza. Na fito bakin asibitin na zauna kan dakali, wallahi sai da na yi hawaye, ba don N2,500 ba.

Yau muka koma da kwalba biyu. Wannan karon sai da ta ci ta sha, ta kwanta rub da ciki, na riƙe mata hannu muna karanta Ƙulhuwallahu, sannan aka dama maganin. Likita ya yarda a haɗa da lidoken don rage zafi. Nas ta danna wurin da babban yatsa na ɗan lokaci, ta soka, ta tura a hankali. Ta yi kuka amma ba irin na Shika ba. Muka zauna rabin awa kafin a bar mu mu tafi. Gefen hagu aka yi, na gaba dama.

Doka daga yau: kwalba biyu a gida kullum, a sayo mako biyu kafin ranar, a ajiye a bayan randa inda ba zafi. Lissafin kwana 28 ya koma daga yau, wato 11 ga Maris. Na rubuta a kalandar ɗaki, a wayata, a wayar Baban Ummi, na kuma gaya wa Inna, wadda ta fi mu duka riƙe rana.

Asarar makon: N2,500 na kwalbar da ta lalace, N3,200 na Keke Napep.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Ta koma makaranta, rabin yini. Ba gudu, ba shara, ba ɗibar ruwa. Na yi wa malamar ajinsu bayani, na roƙe ta kada a hana ta fita fitsari. Nauyi 31.

Duk Laraba ina sa ta rubuta layi ɗaya a bayan wannan littafin. Likita ya ce ciwon yakan taɓa ƙwaƙwalwa bayan watanni, yaro ya fara fizge-fizgen hannu da yatsine fuska ba da son ransa ba, kofi na suɓuce masa, rubutu ya lalace. A unguwarmu da an ga haka iska za a ce. Rubutunta dai yana nan yadda na san shi.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Mun koma Shika ganin likita. An dakatar da asfirin, gwajin kumburi na jini ya sauka. Lasix ya koma sau ɗaya da safe. Ƙarar yoyon tana nan. Na faɗi maganar kwana huɗun da kaina kafin a tambaye ni, likitan ya duba littafin shafi-shafi, ya ce in ci gaba da zuwa da shi.

Baban Ummi ne ya yi tambayar da muke ta kewayewa, ta aiki. Amsar ita ce ba yanzu ba, wataƙila ma ba za a kai can ba. Wani yoyon yakan ragu idan kumburin ya kwanta kuma zazzaɓin bai dawo ba, wani kuma yakan ƙaru, ko bawul ɗin ya ƙanƙance bayan shekaru. Eko na gaba ne zai nuna inda aka dosa. Idan ta kai ga aiki, gyaran bawul ɗinta ya fi a sa na ƙarfe, don mai na ƙarfe zai sha warfarin, maganin tsinka jini, har ƙarshen rayuwarsa, da gwajin jini a kai a kai. Ga 'ya mace kuma akwai maganar ciki da haihuwa a gaba, don maganin yana iya cutar da ɗan tayi. Ina kallon Ummi tana wasa da igiyar hijabinta ana maganar haihuwarta.

A mota Baban Ummi ya yi ta ba ta labarin Kanu Nwankwo, yadda aka gano matsalar bawul a zuciyarsa a 1996 bayan ya ciyo wa Najeriya zinare a Atlanta, aka yi masa aiki a Amurka, ya dawo ya buga wa Arsenal, har ya kafa gidauniyar taimaka wa yara masu ciwon zuciya. Nasa ba irin nata ba ne, amma ban katse shi ba, don rabon da in ga ta yi dariya haka tun Disamba. Wata mata a layin ganin likita kuma ta ba ni labarin Cibiyar Salam da ke Kartum, wadda ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe a 2007 tana aikin zuciya kyauta. Sai dai Sudan na cikin yaƙi tun Afrilun 2023, ba hanyar da zan sa a lissafi ba ce yanzu. A gida Najeriya ma tun 1974 aka fara buɗe zuciya a Inugu, amma ko'ina za a yi maganar miliyoyi ce.

Mun yanke shawarar fara tari tun yanzu. Na shiga adashen malamai na N10,000 a wata, na roƙi a ba ni kwasar ƙarshe. Shi kuma zai riƙa ware N1,000 duk ranar kasuwa mai kyau. In ba a yi aiki ba, kuɗin allura ne na shekaru.

Litinin, 3 ga Maris

Azumi na uku. Bara ta yi 17, bana ta ci burin cikawa. Likita ya ce a'a, mai shan maganin fitsari ba ta wuni ba ruwa, balle zafi ya fara. Ta yi fushi, ta ƙi cin abincin rana shekaranjiya. Malaminsu na Islamiyya ne ya raba gardamar, ya ce mata, "Ummi, ke ba ki balaga ba, ga shi kuma Allah da kansa ya ɗauke wa marar lafiya. Shan maganinki a kan lokaci shi ne naki aikin." Yanzu ita ke jera kofunan kunu da ƙosai a tabarma. Ƙosanta daban nake soyawa, kafin in sa gishiri a ƙullun.

Talata, 11 ga Maris

Allura ta uku, a ranarta. Gefen dama. Ta karya da koko kafin mu fita, don an ce kada a yi mata da yunwa ko ƙishi, yana sa jiri har a faɗi. Kwalba ɗaya ta isa. Hawaye kaɗan, ba ihu. Ta ce wurin ya fi ciwo washegari, don haka na tanadi tsumma da ruwan ɗumi.

Nauyi 31 da rabi, ƙafa ba kumburi, ina jin wannan rabin na abinci ne. Bugun barci 84.

Lahadi, 23 ga Maris

A ajina yara 68 ne. Tun da na dawo aiki, idan ina kiran rajista na ji an ce wane bai zo ba yana ciwon wuya, sai in sa ɗigo ja a gaban sunansa, in aika wa uwar da 'yar takarda. Zuwa yau ɗigo tara. Uwaye uku sun kai asibiti, biyu sun aiko mini da godiya, ɗaya ta aiko cewa in tsaya a kan karatu. Na nemi shugabar makaranta ta ba ni minti goma a taron iyaye na zango mai zuwa, ta amince. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan ne ciwon zuciyar da aka fi samu daga baya, ba wanda ake haifar mutum da shi ba, a tsakanin 'yan ƙasa da shekara 25, a 2018 ma ƙasashe suka zartar da ƙuduri a kansa, amma ni da nake malama ban taɓa jin sunansa ba sai a bakin gadon 'yata. A taron ba zan kawo wannan ba. Fitilar waya zan nuna musu, da yadda ake cewa yaro ya buɗe baki.

Jimillar abin da muka kashe daga 9 ga Janairu zuwa yau: N214,300. A asusu akwai N29,000, ban da adashe.

Abin da ke gaba: kai ta wurin likitan haƙori bayan Sallah, akwai turmi ɗaya da ya fara baƙi. Eko na biyu cikin Afrilu. Tana roƙon a kai ta kallon hawa a ƙofar fada, na ce sai na tambayi likita, in ma an yarda to daga inuwa kuma ba cikin turmutsutsu ba. Naman Sallah nata zan soya daban.

Allura ta huɗu: Talata, 8 ga Afrilu, gefen hagu. Kwalba ɗaya ce ta rage a bayan randa, gobe Baban Ummi zai ƙaro ɗaya.